Baƙin mai sintetik a tsohon babur: a zuba ko a ƙyale?

Mai_Tagwayen_Salansa:

Assalamu alaikum. Masana inji, ku haska min. Babura biyu ne a gabana: Honda CB350 ƙirar 1972 da Triumph Bonneville T120 ƙirar 1967. Dukansu suna tashi suna tafiya, kuma man minaral 20W-50 ne a cikinsu. Babu wata shaida cewa an taɓa raba injin Triumph ɗin. Honda ɗin kuwa yana ɗan jiƙewa da mai ta wajen sandar giya, amma bai kai ga ɗiga a ƙasa ba.

Shin zan iya yi musu juye da sintetik? Magana uku nake ji: wai yana cin sil ya jawo yoyo, wai yana sa kuloci zamewa, wai kuma santsinsa ya yi yawa har boris ya daina juyawa ya koma sulɓewa. Wacce ce gaskiya, wacce ce hirar bakin gareji? In zai yiwu, wace lamba zan duba a jikin galan, kuma ta ina zan fara?

Baban_Inji:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Baburan nan ba amsa ɗaya gare su ba, don haka kada ka kawo galan guda ka raba musu. Bari in ɗauki Honda da maganganun nan uku, masu sanin injin Ingila su ƙarasa maka sauran.

Sintetik suna ne na asalin ruwan man kawai, wanda shi ne wajen kashi huɗu cikin biyar na abin da ke galan. Ragowar sinadarai ne da ake haɗawa: mai wanke dauɗa, mai hana ƙarfe cin ƙarfe, mai riƙe kauri idan inji ya ɗau zafi, mai rage gogayya. Yawancin laifin da ake ɗora wa sintetik na waɗannan sinadaran ne, ko na lambar kaurin da mutum ya zaɓa ba daidai ba.

Zancen boris, share shi. Mai 20W-50, ko minaral ne ko sintetik, dole kaurinsa a digiri 100 ya faɗa tsakanin 16.3 da 21.9 a cSt, ma'aunin kaurin mai, in ba haka ba ba za a rubuta masa 50 ba. Injin jirgin sama mai jet kansa a kan boris yake gudu, kuma sintetik ake zuba masa shekaru da dama. Kiranshaf ɗin CB350 a kan boris masu gara yake, ba abin da zai same shi.

Zancen kuloci kuwa yana da ƙamshin gaskiya, sai dai an kama wanda bai yi laifin ba. A CB350 mai ɗaya ne ke wanka wa inji da giya da kuloci. Man motocin zamani ana zuba masa sinadarin rage gogayya, sau da yawa mai molibdenum a ciki, don mota ta rage shan fetur. Kuloci kuma da gogayya yake aiki. Idan ka ga an rubuta "Energy Conserving" ko "Resource Conserving" a cikin zagayen tambarin API, wato cibiyar Amurka da ke tsara matakan ingancin mai, mayar da galan ɗin inda ka ɗauko shi, ko da minaral ne. Saboda wannan matsalar ce Japanawa suka fito da ƙa'idar JASO ta man babur a 1998. Kai nemi JASO MA ko MA2. Kada ka ɗauki MB, wannan na sukuta ne da kulocinsa ba ya cikin mai.

Amma fa ko da MA2 ka zuba, kulocin da ya kwana biyu zai iya tona kansa. Sifirin da ya shekara hamsin a matse ya gajarce, farantai sun sha ci. Gwaji mai sauƙi ne: inji ya yi zafi, kana giya ta biyar a matsakaicin gudu, ka murɗe totur gaba ɗaya. Idan kukan inji ya haura amma gudu bai biyo shi ba, yana zamewa. Fara duba wasan hannun kuloci, a samu milimita 10 zuwa 20 a ƙarshen hannun. Idan wasan daidai yake, buɗe ka auna tsawon kowane sifirin da kaurin kowane faranti, ka kwatanta da iyakar da ke littafin gyara. Farantan ƙarfe ka kwantar da su a kan gilashi, ka zura filageji, wato siririn ƙarfen auna rata, ta ƙasa ka ga ko sun lanƙwashe. Sabbin farantai a jiƙa su cikin man da za a zuba na 'yan awoyi kafin a ɗaura.

Sai sil. Asalin zancen daga sintetik na farko-farko ne, na shekarun 1970. Akwai nau'in PAO da ke ɗan tsuke roba, akwai nau'in esta da ke ɗan kumbura ta, kuma a lokacin ba a gama gano yadda za a daidaita su ba. Yanzu an wuce nan. Abin da ke faruwa a tsohon inji daban ne: robar nitril ta riga ta bushe ta yi tauri, ta tsattsage, dauɗar mai da ƙura ce ta yi ɓawo ta toshe tsagar. Sabon mai ya wanke ɓawon, yoyon da dama yana nan ya fito fili. Jiƙewar da kake gani a sandar giya ita ce gargaɗin. Cire murfin sifaket na hagu, za ka tarar da sil uku kusa da juna: na sandar giya, na shaf ɗin sifaket, da na sandar da ke tura kuloci. Canja su duka a zama ɗaya. Na sandar kulocin nan shi ne mugun, idan ya fice daga mazauninsa man inji zai zube a kan cen da tayar baya cikin ɗan lokaci. Ka kuma busa robar numfashin inji ka tabbata ba ta toshe ba, don iskar da ta rasa hanyar fita ta sil take turo mai.

Lamba: 10W-40 ita ce ta Honda na wannan zamanin. Idan injin ya ci tafiya sosai, ko ana hawansa inda zafin gari ke wuce digiri 35, 15W-50 ko 20W-50 ya fi. Kada ka kuskura da 0W-20 ko 5W-30 na motocin yanzu. Kamshaf ɗin CB350 kai tsaye yake juyawa a cikin alminiyom, ba boris ba bushi, siririn mai ba zai ɗauke shi ba idan kan silinda ya yi zafi.

Sarkin_Sifana:

Baban Inji ya gama magana a kan Honda. A kan Triumph kuwa, Malam, dakata tukuna. Jimlarka guda ce ta tsaya min a rai: ba a taɓa raba injin ba.

T120 na 1967 ba shi da filtar takarda. Abin da yake da shi raga ce a tankin mai da wata a ƙasan inji, waɗanda guntun ƙarfe manya kawai suke tarewa. Ainihin tacewar a cikin kiranshaf take. An huda rami a jikinsa an sa wani bututu, mai yana bi ta ciki kafin ya isa ga mitil ɗin konrod, wato sandar da ke haɗa fistin da kiranshaf. Juyawar kiranshaf tana wurga duk abu mai nauyi ya manne a bangon ramin. Shekara da shekaru abin yana taruwa, yana daskarewa kamar busasshiyar laka. Ranar da ya cika, ko wani ɓangare ya ɓalle ya toshe 'yar hudar da ke kai mai ga mitil, inji ya buga, wani lokaci konrod ya fasa kes ya leƙo waje. Ramin nan ba a wanke shi ta waje. Sai an sauke inji, an raba kes, an kwance toshiyarsa, an zaro bututun, an kankare da hannu. Baburan BSA masu silinda biyu ma haka suke.

Shawarata a jere take. In ba ka shirya raba inji yanzu ba, bar shi a kan 20W-50 ɗin da ya saba, ka riƙa juye duk kilomita 1,500, kuma kada ka zuba masa maganin wankin inji ko kananzir da sunan falashin. In ka shirya, raba shi, wanke ramin, sa sabbin mitil, sannan ka ɗaura filta irin ta murɗawa a kan layin da ke mayar da mai tanki. Norton Commando ya fara zuwa da irinta tun daga kamfani a 1972, kuma mazauninta ne mutane da yawa ke ɗaurawa a Triumph. A kan layin dawowa fa, ba layin da ke kai mai inji ba, don famfon ba a yi shi don ya tsotso mai ta cikin takarda ba. Duba kibiyar shiga da fita kafin ka ɗaure robobi. Cire tankin mai ma ka wanke shi da kananzir har ruwan ya fito fes, ka bar shi ya bushe sarai. Bayan nan zuba sintetik 20W-50 hankalinka kwance.

Tunda ka buɗe murfin taimin, canja sil ɗin da ke rungume da bakin kiranshaf. Ta nan duk man mitil ke shiga. Idan leɓensa ya juye ko ya tsage, matsin mai zai faɗi ba tare da ka ga ɗigo ko ɗaya a waje ba. Da geji, inji mai lafiya yana ba da matsin mai psi 20 zuwa 25 a sulo, ya haura 60 a kan gudu.

Wani abu da ya bambanta shi da Honda: wuri uku ake zuba masa mai. Inji daban, wajen lita 3 a tanki. Akwatin giya daban, man giya 90. Akwatin cen ɗin farko, inda kuloci yake, shi ma daban, da siririn mai SAE 20. Sai daga ƙirar 1970 ne Triumph suka haɗe akwatin cen ɗin da man inji. Ke nan a naka man inji ba ya taɓa kuloci, sai fa in sil ɗin kiranshaf na wannan gefen ya mutu. Idan kulocin Triumph ya fara zamewa, a kik za ka fara ji, ƙafa ta tafi ƙasa inji bai juya ba, don ta cikin kuloci kik ke bi. A akwatin giya nemi man giya mai lambar GL-4. Akwai bushin tagulla a ciki, kuma wasu man GL-5 sinadarin kibiritunsu yana cin jan ƙarfe idan ya yi zafi.

Mai_Tagwayen_Salansa:

Allah Ya saka da alheri, manya. Oga Sarkin Sifana, in na fahimce ka, sintetik ne ke ɓalle lakar ramin, minaral ba ya yi? Sannan ana ta zancen zinki, ban gane inda ya shigo ba.

Filageji:

Bari in shiga tsakani kafin Oga ya dawo, don a nan ne ba mu cika haɗuwa da shi ba. Sinadarin wanki ba na sintetik kaɗai ba ne. Minaral 20W-50 na zamani da ke cikin Triumph ɗinka yanzu haka yana ɗauke da shi, kusan daidai da na sintetik. Man da ba shi da wanki shi ne tsohon mai lamba ɗaya, SAE 40 ko 50, da aka rubuta masa a fili cewa ba wanki a ciki. Injin da ya shekara da shekaru yana shan wannan shi ne abin tsoro idan aka sauya masa rana ɗaya, da irin injinan kafin yaƙin duniya na biyu masu sil na fata ko na gashin tumaki da aka danne. Naka ya riga ya saba da mai wanki, ba sauyin ne zai kashe shi ba. Inda na bi Oga ɗari bisa ɗari shi ne: ramin yana cika ko me ka zuba, kuma sintetik a injin da ba filta asara ce. Aikin mai wanki ya riƙe dauɗa tana yawo har ta isa filta. Ba filta, sai ta yi ta zaga mitil har ranar juye. Tunda dole ka yi juye da wuri, ƙarkon sintetik bai amfane ka da komai ba.

Zinki kuma sinadari ne da ake kira ZDDP, haɗin zinki da fosfaros. Inda matsi ya yi tsanani har mai ya matse ya fice, kamar tsakanin ƙoƙon kamshaf da tafet ko roka, shi ne ke yin wani siririn rufi a kan ƙarfe, a ci shi maimakon a ci ƙarfen. Baburanka biyu duka gogayya kam ɗinsu ke yi, ba gara ba, don haka suna buƙatarsa. A zamanin matakin API SG, ƙarshen shekarun 1980, man mota yakan ɗauki fosfaros wajen ppm 1,200, wato kashi 1,200 cikin miliyan. Da aka ga fosfaros yana lalata na'urar tace hayaƙi ta salansar mota sai aka dinga rage shi, har matakin SM na 2004 ya tsayar da siraran mai irin 5W-30 da 10W-30 a ppm 800. Wannan iyakar ba ta hau kan masu kauri irin 15W-50 da 20W-50 ba. JASO MA kuma tana son fosfaros tsakanin 800 da 1,200. Nemi takardar bayanin man daga kamfaninsa, ka zaɓi mai 1,000 zuwa 1,200. Kada ka sayo kwalbar ƙarin zinki ka antaya. Idan ya yi yawa shi ma ci yake, kuma yana rikita ma'aunin sauran sinadaran.

To me ya sa ma za a wahala da sintetik? Zafi da giya. Injin da iska ke sanyayawa, idan ya tsaya cikin cunkoso, mansa yana iya wuce digiri 120. Kusan duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin lalacewar mai. Minaral a nan yake fara ƙonewa, ya bar baƙin danƙo a ramukan ringi da kan bawul. Sannan haƙoran giya suna yanyanka sinadarin da ke riƙe kauri, shi ya sa 10W-40 na minaral a Honda kan tsinke ya koma kamar 30 tun kafin lokacin juye, ka ji giya ta fara tauri. Sintetik mai kyau ba ya dogara da wannan sinadarin sosai. A Honda ɗin ne za ka ga ribar.

Wuri ɗaya da ba a fara da sintetik: injin da aka yi wa sabon bori da sabbin ringi. Ba shi minaral na kilomita 1,000 zuwa 1,500 tukuna, ringi su zauna.

Hajiya_RD:

'Yan'uwa, ƙarin bayani ga masu tsofaffin babura masu shan 2T, irin Yamaha RD350, kada su ɗauka maganar nan ta tsallake su. Sintetik 2T mai JASO FC ko FD yana rage hayaƙi da toshewar salansa. Idan babur mai famfon mai ne, irin Autolube, a tabbata an rubuta cewa man na famfo ne, don na haɗawa a tanki wani yakan yi kauri. Bayan an zubar da tsohon, a kwance ɗan sukurun fitar da iska na jikin famfon har mai ya fito ba kumfa, in ba haka ba fistin zai yi gudu a bushe. Kada a haɗa shi da man zurman na tsere, ba sa gauraya, dunƙulewa suke. Man injin jirgin ruwa mai TC-W3 ma ba na nan ba ne. Akwatin giyarsu kuma kulocinsa a cikin mai yake, dokar JASO MA ta hau kansa.

Baban_Inji:

Gyaran Malam Filageji daidai ne, na karɓa. Ga yadda za ka bi da Honda ɗin, ɗan'uwa, bayan ka canja sil ɗin nan uku.

Tayar da inji ya yi minti goma, kashe, ɗora a babban sitan, kwance notin ƙasa. Taka kik sau biyar ko shida da makulli a kashe, ragowar man ya sauko. Tari man a mazubi mai tsabta ka duba shi a rana. Ƙyalli kamar garin azurfa alminiyom ne, mai yiwuwa daga mazaunin kamshaf ko inda taimin cen ke gogar bango. Wanda mayen ƙarfe ya kama kuwa ƙarfe ne. In ka ga da yawa, ba zancen irin mai ake ba kuma.

Shi ma CB350 ba filtar takarda gare shi ba, kofi ne mai juyawa a bakin kiranshaf ta dama, aikinsa irin na ramin Triumph. Sa'ar da ka yi, shi ana isa gare shi cikin sauƙi. Kwance ƙaramin murfi mai zagaye na gefen dama, cire kilif, zaro murfin kofin, kankare lakar da ɗan itace, wanke da kananzir, sa sabon o-rin. A bayan murfin wajen akwai wani ɗan bututu mai sifirin da ke danne bakin kofin. Danna shi da yatsa, dole ya shiga ya dawo sumul. In ya maƙale, mai ba zai hau kan silinda yadda ya kamata ba, kuma kamshaf ne zai biya bashin. Tunda karon farko ne, cire babban murfin dama gaba ɗaya ka wanke ragar da ke ƙarƙashin famfon mai, ka sa sabon gasket. Kada ka lafta gam ɗin silikon, rarar da ta matso ciki ita ce ke toshe hanyoyin mai.

Sabuwar wosha a notin ƙasa, a ɗaure da hankali, zaren alminiyom ne. Yana cin kusan lita 2. Zuba ɗaya da rabi, ka ƙarasa da sandar awo, kuma a Honda ɗora ta ake a baki, ba a murɗa ta ciki. Tayar a sulo, kada ka ba shi wuta. Buɗe murfin tafet guda ka leƙa, cikin minti ɗaya ya kamata ka ga mai yana jiƙa roka. In shiru, kashe nan take. Ba sai ka yi falashin ba, ɗan ragowar minaral yana gauraya da sintetik lafiya lau.

Juyen farko a kilomita 800, ka sake buɗe kofin ka ga abin da ya tara. Daga nan kowane 2,000 zuwa 2,500, ko sau ɗaya a shekara in babur ɗin ajiye yake, kuma a yi juyen kafin a ajiye shi, ba bayan an ɗauko ba. Kada dogon zangon da aka rubuta a galan ya ruɗe ka, na inji mai filta da allurar fetur ne. Kafireta tana zubo fetur cikin mai duk lokacin da aka ja cok, kuma sintetik ma tsinkewa yake idan fetur ya shige shi. Duk sati zaro sandar awo ka shinshina. In ka ji warin fetur, ko ka ga mai ya ƙaru da kansa, allurar fulot ce ba ta rufewa: gyara ta, zubar da man ko jiya ka zuba shi, kuma ka riƙa rufe famfon ƙarƙashin tanki duk lokacin da ka kashe inji.